Knock: ƙauyen da bangon coci ya mayar da shi wurin ziyara

Maman Dauda:
Salama 'yan gida. Kwana biyu kun ji ni shiru, aikin dare ne ya sa ni gaba. Ranar Asabar da ta wuce Allah ya cika mini burin da nake ɗauke da shi tun da na zo ƙasar Ailan aikin jinya, wato na taka Knock. Ɗan ƙaramin gari ne a gundumar Mayo, can yammacin ƙasar. Mazaunansa wajen mutum 1,000 ne kacal, amma masu zuwa ziyarar ibada a shekara sun haura miliyan 1. Da matan cocinmu muka tafi a bas, ana yayyafi tun daga hanya har muka dawo.

Duk wanda ya je, hoton babbar majami'ar nan mai cin mutum 10,000 yake ɗauka ya turo. Ni kuwa tsohuwar cocin farish ce ta riƙe ni. Ƙaramar coci ce ta dutse mai sunan Yohanna Mai Baftisma, an gina ta a 1828, kuma har yau ita ce cocin 'yan garin. A jikin bangonta na kudu, ta waje, mutum 15 suka shaida cewa sun ga Uwarmu Maryamu a daren 21 ga Agusta 1879. Na zauna a bencin baya kusan awa guda na kasa tashi. Duk abin da idona ya gani a garin nan, filin jirgin sama da otal-otal da tituna, daga bangon nan ɗaya ya samo asali. Ina so mu yi hirar tarihin wurin, don akwai waɗanda suka fi ni sani a gidan nan.

Iliya:
Barka da dawowa Anti. Da na ji saƙon muryarki na ɗauka Nok ɗin ƙasar Jaba kike nufi.

Maman Dauda:
A baki kusan ɗaya suke, Iliya, don ba a furta K ɗin farko. Sunan daga harshensu na gado ya fito, Cnoc, ma'anarsa tudu. Yanzu kuma suna ce masa Cnoc Mhuire, Tudun Maryamu.

Katekis Bulus:
Sannu da hanya 'yata, Allah ya karɓi ziyara. Wannan labari mun ji shi tun muna yara a bakin fadan da ya yi mana baftisma, shi ma mutumin Ailan ne. Bari in kawo shi yadda shaidun suka bayar.

Ranar Alhamis ce, wajen ƙarfe 8 na yamma, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wata mata, Mary McLoughlin, mai yi wa fadan garin aikin gida, ta je gidan su Byrne. Da za ta koma sai 'yar gidan, Mary Byrne, ta taka mata. Suna kusantar coci suka hangi siffofi uku tsaye a gaban bango cikin haske: Maryamu a tsakiya da farar tufa da kambi a kai, hannuwanta a ɗage, idanunta na kallon sama, Yusufu mai tsarki a damanta ya ɗan sunkuyar da kai, sai na ukun riƙe da buɗaɗɗen littafi kamar mai wa'azi, wanda suka ce Yohanna marubucin Bishara ne. A gefe kuma ga bagadi, a kansa ɗan rago, bayansa gicciye. Mary Byrne ta ruga ta kira 'yan gidansu da maƙwabta. Kusan awa 2 suna tsaye cikin ruwa suna jan carbi. Sun jiƙe sharkaf, amma sun ce bangon da ƙasar da ke ƙarƙashin siffofin a bushe suke.

Babba a cikinsu wata tsohuwa ce, Bridget Trench, mai shekara 74. Ta matsa za ta sumbaci ƙafafun Maryamu, hannunta bai taɓa komai ba sai bango. Ƙaramin kuwa yaro ne ɗan shekara 5, John Curry, wanda sai da aka ɗaga shi sannan ya iya gani. Akwai kuma wani manomi, Patrick Walsh, da ke gonarsa kusan rabin mil daga cocin, shi haske kawai ya hanga.

Malam Sani:
Assalamu alaikum jama'a. Maman Dauda, barka da sauka. Kun san ni Musulmi ne, makaranta ce ta haɗa mu, amma tarihi sana'ata ce, kuma wannan shekara ta 1879 ba ta barin mai karanta tarihin Ailan ya wuce ta. Ba za a fahimci Knock ba sai an san halin da mutanen Mayo suke ciki lokacin.

Daga 1845 zuwa 1852 cuta ta faɗa wa dankalin Turawa, wanda shi ne tuwon talakan ƙasar. Mutum wajen miliyan 1 yunwa da cututtuka suka kashe, wasu wajen miliyan 1 suka tsallaka teku. Mayo na cikin inda abin ya fi muni. Manyan da suka tsaya gaban bangon nan sun ga wannan da idonsu. To a 1879 sai damina ta sake ɓaci, ruwa ya yi yawa, amfanin gona ya lalace, tsoron waccan yunwar ya dawo sabo fil. Gonakin kuma ba nasu ba ne, na manyan masu ƙasa ne, manomi haya yake biya, in ya kasa a fitar da shi da iyalinsa a rushe ɗakin. A watan Afrilun shekarar aka yi babban gangamin manoma a Irishtown, cikin Mayo ɗin. Ranar 16 ga Agusta Michael Davitt ya kafa ƙungiyar kare manoman Mayo a Castlebar. Ku lissafa, kwana 5 ke nan kafin abin da Katekis ya ba da labari. Shekarar da ta biyo baya, a Mayo ɗin dai, aka ƙaurace wa wani wakilin mai ƙasa, Kyaftin Boycott, har sunansa ya zama kalmar ƙauracewa a Turanci.

Iliya:
Malam, ai ka faɗi abin da ke raina. Baba Katekis ka yi haƙuri, ba raini ba ne. Mutanen da yunwa ta sa a gaba, ga tsoron kora, ga duhu, ga ruwan sama, me zai hana ido ya ga abin da zuciya take nema? Kuma tun a lokacin akwai masu cewa fitilar majigi aka haska a bangon. Ni a cocinmu ba a koya mana irin wannan ba, Littafi Mai Tsarki ya ishe mu.

Katekis Bulus:
Tambaya ba raini ba ce ɗana. Ikilisiya ma ta yi ta kafin kai. A watan Oktoba na 1879, Babban Bishop na Tuam, John MacHale, ya naɗa kwamitin fada-fada suka zauna da shaidun 15 suka rubuta maganar kowa. Hukuncinsu shi ne, shaidar in an haɗa ta gaba ɗaya abin amincewa ce. A 1936 aka sake kafa wani kwamitin. Lokacin Mary Byrne ta kai shekara 86, tana kwance a gadon ciwo, aka rantsar da ita ta maimaita abin da ta faɗa tun tana budurwa, tana sane da cewa ta kusa tsayawa gaban Mahaliccinta. A shekarar ta rasu. Mutum zai iya riƙe ƙarya shekara 57 har bakin kabari ba tare da ta kawo masa ko sisi ba?

Zancen majigi kuwa, ka yi tunanin irin fitilar wancan zamani. A ina mai ita zai ɓuya a fili, awa 2, cikin ruwan sama, mutane na kai da kawowa tsakaninsa da bango, inuwar kowa ba ta faɗa kan hoton ba?

Iliya:
Na ji wannan Baba. Amma kwamitin cewa ya yi shaidun masu gaskiya ne. Mutum na iya zama mai gaskiya kuma ya yi kuskuren gani. Abu biyu ne daban.

Katekis Bulus:
Haka ne, kuma ba zan ja da kai a nan ba. Shi ya sa Ikilisiya ba ta tilasta wa ko ɗan Katolika ɗaya ya gaskata Knock, ko Lourdes ta Faransa, ko Fatima ta Fotugal, inda su ma aka ce Maryamu ta bayyana. Ba sa cikin shikashikan bangaskiya. Wanda ya karɓa ya karɓa, wanda bai karɓa ba bai yi zunubi ba. Ni dai na karɓa.

Maman Dauda:
Iliya, bari in gaya maka abin da ya fi kama ni, wanda ba a cika faɗa ba. Fadan garin, Bartholomew Cavanagh, bai ga komai ba. Mai aikinsa ta koma gida a daren ta gaya masa, bai fito ba. Gidansa kuwa ba nisa. Da shiri ne na coci don a jawo mutane, ai da shi za a fara gani a sahun gaba. Waɗanda suka gani manoma ne, da mata, da yara, babu mai muƙami ko ɗaya. Daga baya shi ya zama babban mai tsaya wa wurin, yana rubuta labarin duk wanda ya ce ya warke a littafi, har ya rasu a 1897.

Malam Sani:
Akwai ƙarin bayani kan fadan nan da ya kamata a sani. 'Yan watanni kafin abin, ya yi wa'azi yana sukar masu jagorancin gwagwarmayar manoma, har jama'a suka yi taron nuna fushinsu gare shi a Knock ɗin. Ke nan tsakaninsa da wasu mabiyansa akwai tsami. Masu shakka suna riƙe wannan su ce yana da dalilin neman abin da zai maido masa da mutanensa. Masu gaskatawa kuma su ce ga shi nan, an tsallake shi an bayyana ga talakawan. Hujja ɗaya ce kowa ya ja ta ɓangarensa. Ni abin da na tabbata da shi shi ne cocin farish a Ailan ta wancan lokaci ta wuce wurin sujada kawai. Shekaru da yawa dokokin Ingila sun takura wa Katolika, akwai lokacin da a ɓoye ake yin Mas, wato babbar sujadar Katolika, a kan duwatsu a daji. Cocin Knock an gina ta shekara 1 kafin dokar 1829 da ta ba Katolika damar shiga majalisar dokoki. Ginin da talaka ya tara dutse ya ɗora da hannunsa a irin wannan hali, ba kamar sauran gine-gine yake kallonsa ba.

Anti Rahila:
Ina ta bin ku shiru. Ni tambayata ɗaya ce. A Lourdes a 1858 Uwarmu ta yi magana da Bernadette. A Fatima a 1917 ta ba yara saƙo. A Kibeho ta Ruwanda ma, daga 1981, ta yi magana da 'yan mata 'yan makaranta. To a Knock me ta ce?

Maman Dauda:
Ko kalma ɗaya, Anti. Duk shaidun sun haɗu a kan haka. Babu wanda ya yi magana cikin siffofin.

Anti Rahila:
Ikon Allah. To ina amfanin zuwan, in babu saƙo?

Baba Yakubu:
Rahila, in kin je gidan makoki, wa kika fi tunawa daga baya? Mai dogon jawabi, ko wadda ta shigo ta shimfiɗa tabarma kusa da ke ta zauna har dare ba ta ce uffan ba? Lokacin da mahaifiyar yaran nan ta rasu, mutane sun yi ta magana, yau ban riƙe ko ɗaya ba. Amma ina tuna wani maƙwabcina da ya zauna da ni kwana 3 a zaure. Haka nake fahimtar Knock. Mutanen da suka binne 'ya'yansu saboda yunwa, wane wa'azi za a yi musu? An zo an tsaya tare da su a cikin ruwa.

Akwai kuma wani tunani nawa, ku ɗauke shi a matsayin ra'ayin tsoho. A lokacin harshen garin yana canjawa. Tsohuwar nan Bridget da harshen Ailan ta ba da shaidarta, sai fassarawa aka yi, yara kuwa Turanci suke tashi da shi. Da an yi magana da ɗaya, an bar wani a baya. Mu da muka ga yadda jikokinmu ke kasa amsa gaisuwa da yarenmu mun san zafin wannan.

Anti Rahila:
Baba ka sa ni hawaye. Allah ya jiƙan Mama.

Malam Sani:
Amin. Katekis, ina da tambaya, kuma don neman sani nake yi. Mu ma Nana Maryam tana da babban matsayi a wurinmu, sura ta 19 a Alƙur'ani sunanta take ɗauke da shi. Amma abin da ke ɗaure wa Musulmi kai, har da wasu Kiristoci irin su Iliya, shi ne ganin mutum ya durƙusa gaban mutum-mutumi ko yana shafa bango. Ina iyakar girmamawa, ina bauta ta fara?

Katekis Bulus:
Malam, na gode da yadda ka yi tambayar. Koyarwarmu a fili take: sujada ta Allah ce shi kaɗai. Maryamu girmama ta muke yi, muna roƙonta ta yi addu'a dominmu, kamar yadda zan ce wa Baba Yakubu ya sa ni a addu'a. Ba na musun cewa akwai waɗanda ke wuce gona da iri, mu katekis aikinmu ke nan kullum, gyara. Abin da nake so ka lura da shi a Knock shi ne ita kanta Maryamu a wahayin addu'a take yi, idonta a sama, ba ta kallon jama'a. Kuma ga bagadi da ɗan rago da gicciye, wanda a wurinmu alamar Yesu ne da hadayar Mas. Shi ya sa a 2021 da fadar Fafaroma ta ɗaga darajar wurin zuwa wurin ziyara na duniya, ta haɗa sunan Jibin Ubangiji da na Maryamu tare. Na san ba za mu haɗu a kan ma'anar ɗan ragon ba, amma ka ga inda muka sa gaba.

Malam Sani:
Na fahimta, ko da ban bi ba. Allah ya bar zumunci.

Maman Dauda:
Zancen shafa bango da Malam ya kawo yana da tarihi. Kwana 10 bayan abin, wasu iyaye suka kawo 'yarsu mai shekara 12, Delia Gordon, mai ciwon kunne da kurumta. Uwar ta ɓanɓaro ɗan simintin bangon ta sa mata a kunne, suka ce ta warke. Da labari ya bazu, jaridu suka ɗauka a farkon 1880, sai jama'a suka yi ta kwararowa, kowa na son ya tafi da ɗan ɓarɓashi. Sai da suka kusa cinye bangon, dole aka rufe shi da katako. Guragu da suka ce sun miƙe suna barin sandunansu a wurin.

Yanzu an gina ɗakin addu'a mai gilashi ya rufe bangon, an sa siffofin farin dutse a daidai inda shaidun suka nuna. A waje kuma an manna wani yanki na duwatsun asali a jikin gini. Na ga layin mutane, kowa ya zo ya ɗora tafin hannu ya yi shiru ya wuce. Duwatsun sun yi sumul saboda hannaye. Wata tsohuwa a keken marasa lafiya ta kasa kaiwa, sai ɗanta ya taɓa dutsen sannan ya riƙe hannunta.

Iliya:
Anti, ke ma'aikaciyar jinya ce. Tsakaninki da Allah, kin yarda siminti na warkar da kunne?

Maman Dauda:
Siminti ba ya warkar da komai, ƙanena, kuma duk wanda na gani zai cusa shi a kunnen yaro zan hana shi. Allah ke warkarwa, ta hannun likita ko ta inda ya ga dama. Kuma ka san Ikilisiya ta fi ka tsanani a nan? Cikin ɗaruruwan labaran warkewa tun 1879, sai a 2019 ta fito ta amince da guda ɗaya a hukumance: wata mata, Marion Carroll, da aka kawo ta a kan gadon ɗaukar marasa lafiya a 1989 ta tashi ta taka. Shekara 30 ana bin maganar kafin a ce komai. Yawancin marasa lafiyan da na gani ranar Asabar da ciwonsu suka koma gida. Amma na ga yadda masu hidimar sa kai ke tura kekunansu, ana shafa musu mai, an sa su a sahun gaba. A wurin aiki na saba ganin tsofaffin da wata guda ke wucewa ba wanda ya leƙo su. A can su ne manyan baƙi.

Baba Yakubu:
Masu hidimar nan ma suna da tarihi. Bayan ɗokin shekarun farko wurin ya yi sanyi, ya koma kusan na mutanen yankin kawai. Wata mata, Judy Coyne, da mijinta Liam suka kafa ƙungiyar hidimar wurin a 1935, suka farfaɗo da shi. Ku matan Zumunta ku riƙe wannan, ba bishop ne ya tashe shi ba.

Iliya:
To ku zo kan maganar filin jirgi. Ƙauye mai mutum 1,000 da filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa? A nan ne nake ganin ibada ta koma kasuwa.

Katekis Bulus:
Wannan aikin Monsinyo James Horan ne. Ya zo Knock a 1963, ya zama fadan farish a 1967. Shi ya gina babbar majami'ar da aka gama a 1976, don masu ziyara a fili suke tsayawa cikin ruwa da sanyi, tsohuwar cocin ba ta ɗaukarsu. Shi ya yi ta faɗi tashi har Fafaroma John Paul na 2 ya zo ranar 30 ga Satumba 1979, shekara 100 da bayyanar, mutum wajen 450,000 suka taru, ya ce nan ne maƙasudin tafiyarsa Ailan. Bayan nan sai ya sa filin jirgi a gaba, a kan wani tudu mai laka da hazo wajen kilomita 20 daga garin. An yi masa dariya, gwamnati ta fara ba da kuɗi, wata ta zo ta janye. Ya bi mutanen Ailan da ke Amurka da sauran ƙasashe yana neman gudummawa har ya ƙarasa. Jiragen farko sun tashi zuwa Rum a Oktoba 1985, aka buɗe shi a hukumance a Mayu 1986. Ranar 1 ga Agusta na shekarar ya rasu a Lourdes, ya kai masu ziyara. Ta filin da ya gina aka dawo da gawarsa.

Iliya:
Namijin ƙoƙari ne, ban musa ba. Amma aikin fada ke nan? Ina ce kiwon rayuka aka ba shi.

Malam Sani:
A nan zan tsaya wa fadan, Iliya. Ciwon Mayo tun bayan yunwa shi ne ƙaura. Yaro ya tasa, ba aiki, sai Ingila ko Amurka, wasu ba a sake ganinsu. Shugaban addinin da ke binne tsofaffi yana rakiyar matasa tasha kowace shekara, in ya ce ba ruwansa da hanya da aikin yi, wa zai rage ya kiwata? Filin nan yau ba masu ziyara kaɗai yake ɗauka ba, 'yan ƙasar da ke aiki a Ingila ta nan suke zuwa ganin iyayensu. Inda zan ba ka gaskiya shi ne, duk wurin da jama'a ke taruwa don ibada, ɗan kasuwa zai biyo su, a kowane addini. Abin dubawa shi ne ko an sa wa ita ibadar farashi.

Maman Dauda:
Ba a sa ba, Malam. Ban biya kuɗin shiga ba. Ruwa mai tsarki ga jerin famfuna nan a fili, kowa ya zo da jarkarsa ya ɗiba kyauta. Shaguna kam suna nan a kan titi, cike da carbi da kyandir da robobin ruwa masu siffar Maryamu, wasu kayan ma ni ba su yi mini ba. Amma da ka shiga harabar, hayaniyar ta yanke.

Wani abu kuma da zan faɗa don kada a ce na ɓoye. Yawancin waɗanda na gani a benci masu furfura ne. Ikilisiya a Ailan ta ji rauni ƙwarai saboda cin zarafin yara da wasu ma'aikatanta suka yi da kuma rufa-rufar da ta biyo baya. Da Fafaroma Francis ya zo Knock ranar 26 ga Agusta 2018, a nan ya tsaya ya roƙi gafara kan wannan. Abokan aikina da yawa sun daina zuwa coci, kuma in sun faɗi dalilinsu ba ni da bakin ba su amsa.

Baba Yakubu:
Wannan magana tana yi mini ciwo, domin mutanen nan ne suka kawo mana makaranta. Fada-fadan SMA, wato ƙungiyar masu mishan a Afirka, 'yan Ailan sun yi shekaru a Kaduna da Jos da ƙauyukan da ko hanyar mota babu. Sistocin St. Louis sun sauka Kano a 1948. Wanda ya koya mini karatu yana hawan keke daga ƙauye zuwa ƙauye, yana cin tuwon dawa da mu, Hausarsa har da karin magana. Da yawansu 'ya'yan irin waɗannan ƙananan manoman ne, shi ya sa zama da talaka bai yi musu wuya ba. Yau kuma 'ya'yanmu ne ke tafiya can suna riƙe musu farish. Maman Dauda, in kin ƙara shiga tsohuwar cocin ki duba rubutun da aka sa a jikinta tun 1828, ayar nan ce mai cewa za a kira gidana gidan addu'a domin dukan al'ummai. Masu ginin ba su taɓa jin sunan Zonkwa ba.

Maman Dauda:
Na gan shi Baba, na tsaya na karanta.

Kafin in tafi aiki bari in ƙarasa muku labarin ƙaramin yaron nan, John Curry, don shi ne nake ta tunani a bas muna dawowa. Shi ma ƙaura ta ɗauke shi. Ya girma ya tafi Amurka ya yi aikin ƙarfi, bai yi aure ba, ya tsufa a gidan tsofaffi na sistoci a New York. A can kwamiti na biyu ya sa aka ɗauki shaidarsa a 1937. Ya rasu a 1943, shi ne na ƙarshe cikin su 15, aka binne shi a kabarin da ba ko sunansa. Sai a 2017 aka tono shi aka sake binne shi da girmamawa a harabar tsohuwar majami'ar St. Patrick da ke birnin, mutanen Knock suka cika jirgi daga filin Monsinyo Horan suka je jana'izar. Duk wanda ke zaune a ƙasar wasu, yana tunanin inda za a kwantar da shi, ya san abin da na ji.

Iliya:
Ban canja ra'ayi kan wahayin ba Anti, amma wannan ya taɓa ni. In kin koma ki sa mahaifiyata a addu'a, ƙafarta ce har yanzu.

Maman Dauda:
Zan sa ta, Iliya. Ana yin addu'ar kwana 9 kowace shekara daga 14 zuwa 22 ga Agusta, na riga na nemi hutun kwana biyu a ciki. Duk mai son in kai sunan wani ya turo mini ta akwatin sirri kafin ƙarshen Yuli, zan rubuta su a takarda ɗaya. Malam Sani, ka gaishe mini da Hajiya da yara. Bas ɗina ya iso.